Baba Gwadabe, Mai Kiran Suna a Kan Ruwa

Da hantsi, lokacin da mutanen Dukawuya ke fita nema, a lokacin Baba Gwadabe yake dawowa. Zai sauko daga Adaidaita Sahu da buhu mai ɗigar ruwa, wandonsa a naɗe, taɓo ya bushe masa har ƙwauri. Masu suyar kifi suna jiransa a bakin lungu. Idan ya sallame su sai ya watsa ruwa, ya karya, ya kwanta. Bayan azahar za ka same shi a soro yana kwaɓa dusa da ƙuli-ƙuli da ɗan jiƙaƙƙen ƙanzo, yana mulmulawa ƙanana-ƙanana, abincin da zai sa wa ƙugiya ke nan. La'asar na yi, ya nufi Kabuga ya shiga motar da za ta kai shi dam ɗin da ke hanyar Gwarzo. Haka yake tun kafin a haifi yawancin masu sayen kifinsa.

Kifin da yake nema manyan nan ne masu ɓawo, masu kiwo a ƙasan ruwa, waɗanda ba sa kusantar ƙugiya sai dare ya yi, ruwa ya yi tsit. Akwai waɗanda suka fi shi kamu. Abin da aka san shi da shi a bakin ruwan nan shi ne kiran suna. Duhu na yi, kowane masunci zai kifa cikinsa a kan gora ya shiga ruwa da igiyar ƙugiyoyinsa, a watsu, ba mai ganin wani. Baba Gwadabe kaɗai ke da kwalekwale, yana tsakiya. Jifa-jifa sai a ji muryarsa ta ratsa ruwa yana kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan zolayar da ya sa masa, kuma ba ya wuce mutum sai ya amsa.

"Isyaku mai cikin randa!"

"Na'am, Baba! Wallahi yanzun nan wani ya fara lasar ƙugiyata, ka kore shi."

"Ƙarya kake, barci kake yi. Tun daga nan nake jin minsharinka."

Sun sha yi masa ƙorafi cewa ihun nan yana rage musu kamu. Ko a jikinsa.

Malam Auwalu, mai gyaran keken ɗinki a Sheshe, bai san da wannan ba ranar da ɗansa Naziru ya ce masa zai fara bin masunta. Naziru tela ne, magidanci, ɗinki kuma ya zama daga salla sai salla. Shi kuwa Malam Auwalu ɗan cikin ganuwa ne. Ruwan da ya sani shi ne na kududdufi, kuma duk wanda ya tashi a birni ya taɓa tsayawa a bakin kududdufi ana laluben ɗan wani. Mu iyaye mun san abin da ke faɗo wa mutum a rai. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, Naziru ya sunkuyar da kai ya ce yana da iyali. Sai Malam Auwalu ya sa hularsa ya tafi Dukawuya.

"Baba, alfarma na zo nema. Idan yaron nan ya zo maka, ka kore shi."

Baba Gwadabe bai ɗaga kai daga dusar da yake kwaɓawa ba. "Malam, in na kore shi, gida zai koma ya zauna?"

Tsohon ya ci gaba da mulmula dusarsa, ya ƙara da cewa:

"Gobe zai bi waɗanda ke shiga ruwa kowa ta kansa. Gara yana inda zan kira shi ya amsa. Ya iya ruwa?"

"Ya ce ya iya."

"Duk ɗan birni haka yake cewa."

Haka Naziru ya shiga cikinsu, aka sa masa suna Tela Ɗan Birni. Kullum da hantsi Malam Auwalu yana tsaye a ƙofar shagonsa da sukuddireba a hannu, ba ya taɓa keken kowa sai ya hango ɗansa ya shigo lungu.

Abin da ya faru daf da babbar salla, daga bakin Isyaku muka ji shi. Ɗinki ya taso, Naziru yana kan keke da rana, yana kan gora da dare, barci ya taru masa. Baba Gwadabe yana da doka guda da yake maimaita wa kowane sabon shiga: igiya a hannu ake riƙe ta, ba a ɗaura ta a jiki. Naziru ya ga yana gyangyaɗi, ya ji tsoron kada kifi ya ci ya tafi masa da igiya. Sai ya naɗe ta a wuyan hannunsa don fizgar ta tashe shi, ya ƙulla mata irin ƙullin da tela ke yi don kada ya taɓa warwarewa. Wani babban kifi ya haɗiye ƙugiya, ya nutsa da igiyar, ya zagaye kututturen wata bishiya daga cikin waɗanda ruwa ya cinye tun da aka datse shi. Igiya ta ɗaure tam, ta zame Naziru daga kan gora, gorar ta yi nata waje.

"Tela Ɗan Birni!"

Shiru.

"Naziru!"

Isyaku ya ce, "Da muka ji Baba ya bar zolaya ya kira sunan yanka, muka san ba lafiya." Ba su gama tunanin inda za su nufa ba, sai suka ji kwalekwale ya wuce su da gudu. Tsohon ya riƙe inda muryar kowa ta fito a kiran baya, can ya dosa, ba ko fitila. Gorar ce ta fara bugun gefen kwalekwalen, ba kowa a kanta. Ya tsaya cak ya kasa kunne, ya ji ruwa na ɓulɓula a hagunsa, ya zare wuƙar da ke rataye a wuyansa ya faɗa.

Kai ne, Baba, da furfurarka da ciwon gwiwarka, ka nutsa cikin duhun da ko tafin hannu ba a gani, ka lalubo igiyar ka yanke. Kai ne ka jawo shi da wuyan riga, ka kifa shi a kan kwalekwale kana danna masa baya har ya amayar da ruwa ya yi tari. Isyaku ya ce da tarin nan ya fito, ka zauna kana haki, ka ce, "Amsa mini, ɗan banza." Ya ce na'am. Sannan ka kira sauran, don ba ka kai ƙarshen sunaye ba.

Da safe Baba Gwadabe da kansa ya rako shi Sheshe. Malam Auwalu ya dubi wuyan hannun ɗansa inda igiya ta saɓule fata, sukuddireba ta faɗi daga hannunsa.

"Ka gama da ruwa. Ka ji ni? Ka gama."

"Ni ma na hana shi ruwan dare," in ji Baba Gwadabe. "Amma sana'ar ta shiga ransa, zai koma ko muna so ko ba ma so. Ka ba ni shi da rana, sai ya iya ruwa ba gora. Ranar da ya iya, kai ma za ka zo ka gani."

"Ni? Baba, ni ko gada mota za ta haye, rufe ido nake."

"To ka zo ka rufe a can."

A lokacin Baba Gwadabe ya riga ya gaya wa mutanensa cewa damina na wucewa zai ajiye sana'a, don ido ya fara yin hazo. Maimakon ya lallaɓa sauran kwanakin, sai ya sadaukar da barcinsa na rana. Ya kwana yana su, gari ya waye ya tsaya a ruwa zuwa ƙirji yana tallafe da haɓar magidanci kamar jariri, yana yi masa tsiya yana koya masa. Ba ɗansa ba ne, ba su haɗa ko unguwa ba.

Wata Asabar aka aiko wa Malam Auwalu. Ya shiga mota yana addu'a har aka isa. Da ya sauka ya ga ruwa ya miƙe har inda ido ya ƙare, sai ya ja baya ya kama hannun Isyaku, mutumin da bai taɓa gani ba sai ranar. Kwalekwale ya ɗauki Naziru ya yi nisa. Suna kallo Baba Gwadabe ya ɗaura masa igiya a wuyan hannu, ya rataya masa wuƙa, ya yi masa nuni da ruwa. Naziru ya faɗa da rigarsa da wandonsa, ruwa ya rufe.

"Inna lillahi! Isyaku, bai fito ba!"

"Malam, sassauta mini hannu, za ka karya ni."

"Na ce bai fito ba!"

Sai ga kai ya ɓullo, ga hannu a sama riƙe da guntun igiyar da ya yanke. Ya juya ya kamo gaɓa, yana sheƙa ruwa a natse, ba gaggawa, ba fagamniya. Malam Auwalu ya manta da maganar rufe ido. Bai san lokacin da ya shiga ruwa har gwiwa da takalminsa na zuwa masallaci ba. Naziru ya taka ƙasa, ya miƙe a gabansa yana ɗiga, ya ce, "Baba, ga ni." Malam Auwalu ya zauna daɓas a cikin taɓo, masunta suna ta dariya, shi ma yana yi, hawaye na zuba.

Yanzu Baba Gwadabe yana gida. Ya bar wa Isyaku kwalekwalen, Naziru kuma ya koma ruwan dare da yardar ubansa. Duk mai sana'ar da aka ba shi ɗan wani, direba ne ko magini ko maƙeri, ya je Dukawuya ya zauna da tsohon nan ya ji yadda ake riƙon amana. Ku je tun yana raye, ku riƙe masa ɗan goro, ku faɗi sunanku da kun yi sallama, don idon ya yi rauni.

Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Malam Auwalu ya so ya faɗa maka haka da bakinsa a bakin ruwa, kuka ya hana shi. Ga shi mun faɗa a madadinsa.