Ranar da Na Kai Kaka Gaban Ɗan Roba

Jiya cajar wayata ta ƙone. Warin robar ya tsayar da ni a tsakar ɗaki, na daɗe riƙe da ita.

Ina aji huɗu wasu mutane daga Damazin, babban birnin jiharmu, suka kawo wa makarantarmu mutum-mutumi mai ba da labari, tsayinsa bai wuce tulu ba. In ya sha rana haka yake wari. Ɗan Roba muka sa masa. Da Larabci yake magana, harshen da ake mana karatu da shi, in ya kai tsakiyar labari sai ya tambaye mu, kura ta shiga ramin ko ta koma? Abin da muka zaɓa shi zai bi. Gaskiya ya yi aiki. Lokacin yankan riɗi aji kan zama wayam, amma a shekarar har masu zazzaɓi sun zo.

Sai ustaz, malamin ajinmu, ya ce a zuba masa tatsuniyoyin Hausa. Ni uwar azarɓaɓi na ce kakata ta fi kowa iyawa. Kwana uku ina lallashinta, don a wurinta ba a tatsuniya da rana. Saboda ni kawai ta yarda.

Ta yafa tob ɗinta na zuwa biki, ta zauna a tabarma gaban aji. Ustaz ya danna maɓallin ɗaukar murya.

"Yalla ya Hajja, bismilla," in ji ustaz da Larabci.

Ta gyara murya. "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ta jira. Kaka ba ta ƙara kalma sai an amsa mata da "ta zo mu ji ta". Ustaz Balarabe ne, bai sani ba. Mu kuwa kusan duk Hausawa ne, amma wanda ya yi Hausa a makaranta ya zama abin dariya. Ta sake faɗa, wannan karon ni take kallo. Amsar tana bakina. Na sunkuya ina kallon silifas ɗina.

Ta nuna Ɗan Roba. "Wanga abu kurma na," ta ce. Aka yi dariya, ta tashi.

Ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba, ni ma ban roƙa ba. Bayan damina biyu ta rasu. Na nemi kuka, bai zo ba.

Yanzu ina da 'ya mai shekara biyar. Takan ce min, da Larabci, in ba ta labari irin na garinmu. Farkon kowanne nake iya tunawa, sauran babu. Sai in miƙa mata waya.