Waƙar Rijiyar Kawu Lengila

Kawuna Lengila, yayan mahaifiyata, ya fi kowa munin murya a duk kwarinmu, kuma shi kaɗai ne bai san da haka ba. Mu nan ƙasar Samburu, idan rani ya tsananta, maza kan haƙa rijiya a yashin busasshen kogi, su jeru a ciki suna miƙo ruwa hannu da hannu suna waƙa. Kowane gida da waƙarsa, shanu kuma sun san ta gidansu, da sun ji ta sai su ware su nufi kwaminsu. Ta Kawu gadon ubansa ce, an ce a bakin tsohon daɗi gare ta. A bakin Kawu kuwa, Allah ya kiyaye, sai ka rantse jaki aka taka wa wutsiya. Matarsa Nalotu takan ce ba ƙishi ke sa shanunsu rugowa ba, so suke su sha da wuri ya yi shiru.

Giwaye ma sun san rijiyoyin nan, idan mutane sun watse sai su zo su sha rabonsu. Wata safiya Kawu ya tarar da bakin rijiyarsa a rushe, ga 'yar giwa a ƙasa, ruwa har wuya, sai ɗan hancinta ke lilo a sama. Uwar ta yi ta fama ta kasa ciro ta, ta haƙura ta tafi. Abin da Kawu ya fara yi shi ne zagin uwar da kakar uwar saboda aikinsa da suka ɓata, sannan ya kira mutane aka jawo 'yar da igiya. Aka zauna jiran uwa a inuwa, ba ta dawo ba. Kowa ya kama gabansa sai Kawu, don rijiyarsa ce, kuma da yake bai iya zama kusa da dabba mai ƙishi bakinsa a rufe ba, sai ya yi ta zuba mata waƙar nan har ma'aikatan gidan marayun giwaye suka iso.

Can gidan marayun, 'yar giwar da suka sa wa suna Nashami ta ƙi karɓar kwalbar nonon akuya. Ta rame, fatarta ta saki. Sai Mpayon, matar da ke kula da ita, ta tuna cewa ranar da suka je ɗaukar ta, sai da tsohon nan ya yi ta ɓaɓatunsa kafin ta yarda ta shiga mota. Ta hau babur ta zo ta ɗauke shi. Ya buɗe baki, ma'aikata suka toshe kunne, Nashami ta kama kwalba ta shanye tas.

Daga ranar nan muka shiga uku. Duk wanda ya taɓa yi masa dariya sai da Kawu ya bi shi har gida ya tambaye shi giwa nawa muryarsa ta taɓa rayawa.

Ni direba ne, baƙi masu yawon buɗe ido nake kaiwa daji. Sun biyo jirgi daga ƙasashensu don su ga giwa da karkanda, amma idan na kai su gidan marayun lokacin shayarwa, da Kawu suke cika wayoyinsu. Shi ma ya gane, ya ƙara duwatsun wuya, ya riƙa lumshe ido idan ya kai amshi. Wata baturiya har da hawaye, ta roƙe ni in fassara mata. Na gaya mata gaskiya, cewa waƙar tana faɗa ne da wata saniya mai karkataccen ƙaho, makwaɗaiciya, da ke ture 'yan'uwanta a kwami. Ta dube ni da tausayi ta ce ƙila ban ji da kyau ba.

Shekaru suka ja, Nashami ta bar kwalba, ta kai a mayar da ita daji tare da tsararrakinta. Mpayon ta zo gida ta durƙusa gaban Kawu, ta jima tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Inda za a sake su bayan dutsen da ke gefen kwarinmu ne kawai, giwa kuma tana ji daga nesa. Muddin Nashami ta jiyo waƙar a rijiya, za ta taho da rana tsaka, cikin shanu da karnuka da samari masu ɗauke da mashi, tana zaton nono za a ba ta.

"Baba, giwar da ba ta gudun mutane ba ta tsufa," in ji Mpayon. "Ko mu bar ta a tsare, ko kai ka bar waƙar."

Kawu ya yi tsalle ya dire. Ya ce waƙar ubansa ta girmi gidan marayunsu, ta girmi babur ɗinta, ta girme ta ita kanta. Ya ƙi shan shayin da Nalotu ta kawo, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da ya karye a ƙafa. Amma ranar sakin sai ga shi ya zo, ya tsaya a bayan motata. Da aka buɗe ƙofa Nashami ta fito ta ɗaga hanci tana shinshina iska, ta juya nan ta juya can. Na waiwaya na ga Kawu ya cusa bakin bargonsa a baki yana cizo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kamar ina gyara madubi har ta bi sauran suka shige duhuwa.

Sai rigimar rijiya. Ya ari waƙar maƙwabcinsa, shanun maƙwabcin suka zo suka shanye masa ruwa, nasa suna tsaye suna kallo. Ya ƙirƙiro tasa sabuwa, wadda ta fi ta da muni, abin da ba mu taɓa zaton zai yiwu ba. Shanun suka ƙi ta, kusan ranin nan duka da sanda ake koro su kwami, suka rame, har maraƙi ɗaya ya mutu. Duk da haka Kawu bai koma wa tsohuwar waƙar ba.

Yanzu ya tsufa, ba ya shiga rijiya. 'Ya'yansa ba su riƙe tsohuwar waƙar ba, don tun suna yara gudun ta suke yi, ni ma amshin kawai na iya. Kwanan baya na kai masa taba da sukari, na tarar da shi a ɗaki, na ce ya rera mini ita sau ɗaya in koya, kada ta bi shi kabari.

"Ko a hankali ne, Kawu. Ga mu a ɗaki, ga dutse tsakaninmu da Nashami."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, har ya ja numfashi. Sai ya dubi ƙofa, ya saki numfashin.

"Kai da kake kai Turawa kallon giwaye kullum," in ji shi, "ba ka ga girman kunnenta ba?"