Kwana Goma Sha Tara na Meshach Ilisha

Meshach ɗan Ilisha na Kurmin Kogi ya zauna a ajina a Ikara a shekarar 1993, layin gaba, kusa da taga. Rubutunsa irin wanda aka koya mana ne a makarantar mishan, kowane harafi a tsaye kan layinsa. Shekara uku a bayansa na koyar da Mu'awiyya, ɗan wani malamin allo daga Nasarawan Doya, wanda ke zaune a gidan kawunsa a garin. Dukansu biyu sun zama matuƙan jirgin sama. Meshach ne ya fara zuwa makarantar tuƙin jirgi a Zariya, shi ya cika wa Mu'awiyya takardar neman shiga, shi ya bar masa littattafansa.

A watan Oktoba na 2009 wani kamfanin jiragen sama ya kira Meshach ya fara aiki ran biyar ga wata. Lokacin Ilisha na kwance da ciwon ƙafa, masara ta bushe a gona, shanu kuma sun fara zagayawa. Ɗan fari ba ya barin masarar ubansa a tsaye. Meshach ya rubuta wasiƙa ya roƙi a ɗaga masa, aka yarda. Ya karya masara, ya kai rumbu, ya kama aiki ran ashirin da huɗu. A cikin watan nan wani kamfanin dabam ya ɗauki Mu'awiyya. Meshach bai taɓa tambayar ranar ba. Wa zai tsaya tambayar ƙane ranar da ya fara aiki?

Shekaru suka wuce, kowannensu ya zama kyaftin, mai igiya huɗu a kafaɗa, mai zama a kujerar hagu inda shugaban jirgi ke zama. Tun a lokacin akwai abin da ke cin Meshach. Jiragen su Mu'awiyya ne ke kai alhazai, saboda haka daga Kudan har Makarfi sunansa ake kira. In Meshach ya zo gaishe ni sai ya ce, "Baba Malam, wai har tsofaffi ke miƙe masa. Yaron da ni na nuna masa yadda ake riƙe taswira!"

A 2023 aka haɗe kamfanonin biyu. Jirage sun ragu, aka ce kyaftin arba'in da biyu kawai za a riƙe, sauran ko su koma mataimaka a kujerar dama ko su ajiye aiki. Tsohuwar yarjejeniyar kowane ɓangare ta faɗi, dole ƙungiyar matuƙa ta tsara jerin sunaye guda na wanda ke gaban wani. Waɗansu suka ce a riƙa ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Da an bi wannan, Meshach yana cikin talatin na farko. Amma wani ya raɗa masa cewa a haka Mu'awiyya zai zo a samansa da mutum ɗaya. Sai Meshach ya miƙe a taro ya ce a bi ranar da kowa ya fara aiki, wanda ya riga shi ne gaba, kamar yadda aka tashe mu a gida. Ya iya magana, ya kuma bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Aka jefa ƙuri'a, ra'ayinsa ya ci, aka sa hannu.

Da jerin ya fito, Mu'awiyya na arba'in da ɗaya, ya fara aiki ran goma sha biyu ga Oktoba. Meshach na arba'in da huɗu.

Ya zo mini da takardar har gida. Na sa tabarau na lissafa sau biyu, babu kuskure.

"Baba Malam, masara ce fa," ya ce. "Buhu talatin."

"Ƙungiyar ba za ta duba wasiƙar farko da aka kira ka ba?"

"Na kai musu. Suka karanto mini maganar da na faɗa da bakina. Ranar da ka shiga aiki, ba ranar da aka kira ka ba."

Matarsa Rosaline ta hana shi ajiye aikin, da yara uku a makaranta. Ya cire igiya ɗaya ya koma kujerar dama. A wata na biyu aka haɗa shi tafiya da Mu'awiyya, daga Abuja zuwa Legas. Mu'awiyya ya rusuna ya gaishe shi a gaban ma'aikata.

"Yaya Meshach, ina kwana? Wallahi kunya nake ji. Ku za ku tashi da mu, ku sauke mu."

"Tashi, Kyaftin. Ba sadaka na zo karɓa ba. Ba ni umarni kawai."

"Haba Yaya."

"Nan babu Yaya. Ga lissafin mai, ka sa hannu."

Da suka sauka Meshach ya je ofis ya roƙi kada a sake haɗa su. Aka ce masa zaɓen tafiya ma bisa jerin ake yi, Mu'awiyya ne ke da ikon zaɓa. Mu'awiyya kuwa, don girmamawa, shi yake zaɓa kusan kowane mako.

Meshach yana nan a kujerar dama. Sai mutum biyu na samansa sun bar aiki kafin ya koma hagu. Ya san ranar haihuwar duk wanda ke gabansa, da shekarar da zai yi ritaya, da wanda likita ya fara yi wa maganar hawan jini.