Wanda Ya Riƙe wa Baba Sifana

A gidanmu na Rano, da an idar da sallar isha'i ƙofar ɗakin Iya muke nufa. Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Ba ta rabo da wuta ko da zafi ake, wai ƙasusuwanta ne ke jin sanyi. Takan tura dankali cikin toka, ta ce ba mai taɓa shi sai tatsuniya ta ƙare. Ni nake zama jikin gwiwarta, don ni ne jikanta namiji da ke gabanta, ni take tsokana da "maigidana".

Ina aji huɗu Baffa Sule, yayan Baba, ya rasu a Kibiya. Bayan arba'in Baba ya je ya dawo da abu biyu a akori-kura: ɗan marigayin, Habu, wanda sa'ana ne, da wani tsohon babur baƙi da ya shekara da shekaru a jingine bayan rumbu. Irin na da ne, mai ƙaton tanki da fitila kamar ƙwarya. Tsatsa ta huda salansa, ɓeraye sun cinye soson kujera. Kowa ya ce a ba 'yan gwangwan. Baba ya ce a'a, a kansa yayansa ya riƙa kai shi makaranta.

Baba tela ne, ba bakanike ba. Amma kullum in ya taso daga shago sai ya shimfiɗa buhu a zaure. Ya kwance babur ɗin nan kaf, ya zuba notuna a tsohon kwano, ya wanke kafireta da fetur, ya yi ta goge tanki da samfefa har ƙarfen ya fito fari. Abin da ya rasa a Rano, sai ya shiga Kano nema. Kuma duk aikin nan suna ɗaya ake ji a zaure.

"Habu, miƙo sifana."

"Habu, haska mini nan. Yawwa, ɗan albarka."

Ni ɗan fari ne, Baba ko sunana ba ya faɗa. In na leƙa zauren sai ya ce, "Kai, ka ba awaki ruwa?" Habu yakan zo cin tuwo hannunsa duk baƙin mai, yana wankewa yana ba ƙannena labarin fulogi da sarƙa. Har baƙin tukunya na taɓa shafawa a hannu don yaran unguwa su zaci da ni ake aikin. A raina kuma fata nake kada babur ɗin ya tashi har abada.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na tarar da Habu a jikin gwiwar Iya. Na koma can bayan turmi na zauna, na juya musu ƙeya.

"Yau maigidana yaji ya yi?" in ji Iya. Ta gyara itace ta ce, "To ga ta nan, ta taho da ƙafarta, mai fushi ma ya buɗe kunne."

Ƙannena suka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai wata kaza ce aka sa wa ƙwan zabo cikin nata, ta ƙyanƙyashe su tare. Ɗan zabon nan shi take fara kira in ta tono gara, shi take fara rufewa in hadari ya taso. Babban ɗan tsakonta ya duba ya duba, ya ce lallai zanen jikin nan ne ya sace zuciyar uwarsa. Ya yi birgima a toka, ruwa ya wanke. Ya yi a taɓo, rana ta kakkaɓe. Sai ya tafi bakin rafi wurin tsohuwar kunkuru mai yi wa tsuntsaye zane.

Iya ta shaƙe murya irin ta kunkuru. "Zane kake so, ɗan nan? Mai sauƙi ne. Amma sai ka biya abin da ɗan zabo ya biya."

"Me ya biya?"

"Uwarsa. Je ka kawo mini taka, ba za ka sake ganinta ba, in zane ka tun daga wuya har bindi."

Ɗan tsako ya kwasa da gudu, bai tsaya ba sai ƙarƙashin fiffiken uwarsa, can gefe, inda ya saba samu.

"Ta ƙare a nan, kan ɓera ya sha dutse," in ji Iya, ta fara tono dankali.

Daga bayan turmi na ce, "To ita kazar, ta daina fifita ɗan zabon?"

"Ba ta daina ba."

"Ashe tatsuniyar banza ce."

Iya ta yi dariya har da tari, ta jefo mini dankali mafi girma. Habu dai wuta yake kallo.

Babur ya tashi wata Juma'a da hantsi. Baba ya yi ta buga shi har gumi ya jiƙa masa riga, sai babur ɗin ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, ya kama ruri. Mata suka leƙo, yara suka cika ƙofar gida. Baba ya shafa tankin, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Habu, hau. Mu je mahaifiyarka ta ji muryarsa." Na tsaya jikin bango ina ji har ƙarar ta ɓace a hanyar Kibiya. Ranar ko masallaci sai da aka ja ni. Da Habu ya isa tuƙi, Baba ya miƙa masa makulli, ya ce dama nasa ne. Ina da gemu a lokacin, amma sai da abin ya sosa mini rai.

Tatsuniyar Iya ba ta shige ni ba sai bara, da Baba ya rasu. Kwana uku ina zaune a kan tabarma, kowa ni yake nema, kowa ni yake dafawa, dattawan da ba su taɓa sanin sunana ba suna kira na da shi. Duk kulawar da na yi ƙuruciyata ina hange ta zo mini a lokaci guda, na kuma ga abin da ake bayarwa kafin a same ta. Da za a karɓe ta a dawo mini da Baba yana aike na wurin awaki, da ban yi ciniki ba.

Da mutane suka ragu, Habu ya matso kusa da ni. Yanzu noma yake a Madachi, kansa ya fara furfura kamar nawa. Muka yi ta tuna zaure da kwanon notuna. Na ce masa, "Ka san kuwa a shekarun nan ko ganinka ba na son yi?"

Ya ce, "Na sani. Ni ma haka."

Na juyo na dube shi. "Kai kuma a kan me?"

"Kai Baba yake yi wa tsawa," in ji Habu. "Ni tunda na zo gidan nan bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na karya masa fitilar babur da gangan, ko zai zage ni sau ɗaya yadda yake zaginka. Sai ya ce ba komai, ɗan albarka."