Da Marainiya da Gwangwanin Madara Zuwa Gangara

Mun tashi daga Sae Sabuwa da asuba a kan jakai, ni da uban jaririyar da wata gwaggonmu tsohuwa. Jaririyar ɗiyar ƙanwata ce, wadda Allah ya yi wa rasuwa tana cikin jego. Babu mai shayarwa a danginmu na kusa. Sai wata ɗiyar baffanmu da ke aure a Gangara, mai goyon ɗa namiji, ta aiko cewa a kai mata ita ta haɗa su.

Kafin tafiyar na je likitar Tibiri. Ungozomar wurin, wadda suke kira sajfam, ta ba ni gwangwanin madarar gari, ta sa na dama a gabanta har hannuna ya saba. Sai na wanke hannu da sabulu, na dafa kofi da cokali, na tafasa ruwa, sannan in zuba garin tun ruwan yana da zafi, cokalin awo a shafe, ba tozo ba ragi. In tsoma gindin kofin cikin ruwan sanyi ya huce, in ɗiga a bayan hannuna in ji. Abin da yarinya ta rage kuwa a zubar. Ta ce mini madara ba fura ba ce da ake ajiye wa anjima.

Don haka na ɗauro ƙaramin murhu da gawayi da tukunya da gorar ruwa. Gwaggo ta yi ta tsiya a hanya, wai kamar za ni talla, wai su da nonon akuya suka raini marayu. Na tambaye ta nawa suka rayu a cikinsu.

A tashar Maraɗi muka samu kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, mai zuwa gabas. Kuɗin mota ya tashi tun da aka samu mulkin kai, amma ramukan hanya suna nan yadda Nasara ya bar su. Muka hau kan buhuna, jar ƙasa na shiga mana baki. Da muka tsaya Cadawa yarinya ta fara tsala kuka. Na sauka na hura wuta, ruwa bai ko fara motsi ba direba ya kama danna ƙaho. Wani fasinja mai babbar riga ya ce in ɗebi ruwan durom ɗin da ake zuba wa mota in dama, ai ciki ba ya ƙin ruwa. Na ce ya fara sha in gani. Direba ya tada mota, dole na kashe wutar na hau, yarinya na kuka har muryarta ta dushe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya tsaya ya ci tsire ya sha hira, amma tafasar tukunya ɗaya ta gagare shi jira.

Jandarman shingen Agye ne ya cece mu. Ya riƙe direba a kan takardu, suka shiga ja-in-ja a gindin itacen bedi. Kafin su shirya na tafasa ruwana, na dama, na shayar da ita da kofi a hankali har ta yi barci. Ban taɓa sa wa jandarma albarka ba sai ran nan.

Da la'asar muka isa Gazawa, muka sauka gidan wani ɗan'uwan uban yarinyar, ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga hayin iyaka. An karɓe mu da tuwon gero da miyar kuka mai daddawa, ba laifi. Amma abin da na gani a gidan ya hana ni cin kirki.

Matarsa yarinya ce, da ɗanta na fari a cinya. Yaron ya rame, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, zawo yake yi ba tsayawa. A bakinsa akwai kwalba mai kan roba, bibiro suke ce mata, ƙudaje na bin ta. Na karɓa na sansana, tsami ya buge ni. Na tambaya, ta ce tun safe ta dama da ruwan randa, cike da kwalba, don ya wuni yana sha. Garin ma kaɗan take sawa saboda gwangwani ya jima. Na ce nononta fa? Ta ce akwai, mijin ne ya ce ta daina, wai na gwangwani ya fi sa ƙiba, shi ne 'ya'yan manya ke sha a birni.

Na fita na tuttular da kwalbar a bayan danga. Uwar mijin ta taso mini, wai baƙuwa da ɓarnar dukiya, wai haƙori ne yaron ke yi. Maigidan ya shigo yana ba ni haƙuri. Ba mugu ba ne, son ɗansa yake yi, ya zaɓar masa abin da ya fi tsada a shagonsa. Na ɗauko gwangwanin na ce ya karanta mini abin da aka rubuta a jiki. Ya ce Ingilishi ne, duk unguwar babu mai jin sa.

Na ce, “To Malam, abin da ba ka san yadda ake haɗa shi ba, shi kake ɗura wa ɗanka, kake kuma sayar wa matan mutane?”

Ya ce, “Yaya, kowa haka yake yi.”

Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Na hura murhuna a tsakar gidan, na nuna wa matar duk abin da aka nuna mini. Na ce ta maida shi kan nono yanzu, su kuma kai shi likita da safe. Ta sa shi a ƙirji, ya ɗan kama ya saki. Uwar mijin ta ce a bari a ga ranar kasuwa, akwai mai maganin haƙori da ke zuwa.

Washegari muka kama hanyar Gangara cikin rairayi, gonakin gero an girbe, shanun Fulani na kiwo a kara. Ɗiyar baffanmu ta tarye mu a bakin zaure, ko gaisuwa ba ta gama ba ta karɓi yarinyar. Yarinya ta kama nono kamar ta san shi. Ubanta ya juya baya yana share ido. Gwaggo ta ce to, a rubuta a zuci, marainiyar da yaron gidan sun zama wa da ƙanwa, babu aure. Muka yi kwanaki har na ga ta fara murmurewa, hankalina ya kwanta.

A komowa muka biya ta Gazawa. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gidan ɗan kasuwar da mutane zaune. An binne yaron jiya. Ba a kai shi likita ba. A ciki mata na ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani rai na Allah ne, amma Allah bai hana kowa tafasa ruwa ba. Na yi addu'a na kama bakina, don gidan makoki ne.

Da zan fita uwar ta biyo ni, gaban rigarta jiƙe da nono. Ta ce a hankali, “Inna, da na ƙi jin maganarsu tun farko, da yana nan?”

Na ce mata ban sani ba. Na ce in Allah ya ba ta wani, kada ta bari kowa ya cire shi daga ƙirjinta.

Mun iso Sae Sabuwa da magariba, jiki duk ciwo. Abin da na taho da shi daga wannan tafiya shi ne, madarar gwangwani ta maraya ce da wanda lalura ta kama, kuma ba ta yafe ganganci. Wadda ba za ta iya hura wuta duk lokacin da yaro ya ji yunwa ba, kada ta buɗe ta. Tun da na komo nake faɗin haka a bakin rijiya da gidajen suna. Wasu sun fara cewa na cika faɗa. Su ce.