Cokalin Keke a Ɗaki Mai Sanyi

Wani ɗan noti ne ya faɗo kan tayil, ƙyal, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ina kicin ina tankaɗen gari na ji. Da na leƙo falo sai ga maigidana a durƙushe yana lalube, a gefensa gangar jikin wani tsohon keken hawan duwatsu, ba taya, ba sirdi. Wani abokin aikinsa da zai bar Dubai ne ya bar masa. Ya ce irinsa sak yake gani a Jos yana yaro, ana wucewa yana bi da ido.

"Uwargida, wannan ya girmi aurenmu," ya ce yana dariya.

"To Allah ya sa alheri. A ina zai kwana?"

Gidanmu a Al Khabaisi ɗaki ɗaya ne da falo. Wurin da ya rage shi ne lungun bayan ƙofa, inda keken 'yarmu yake, ɗan ja mai ƙananan tayoyi biyu a baya, masu tare yaro kada ya faɗi. Ta isa a cire mata su, kuma Abbanta ya yi alkawarin shi da kansa zai cire, ya riƙe mata sirdi har ta iya. Nata aka fitar baranda. Wai na ɗan lokaci ne.

Taya, sarƙa, birki, duk sun samu ba wuya. A kan cokali aka tsaya, wato ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe tayar gaba. Shi mai shokozoba yake so, kuma sai na zamanin keken. Sababbi ga su nan fal a shaguna, ya ce ɗora sabo a kan wannan keken cin mutunci ne. Kowace Juma'a, ranar da ta zama tamu kaɗai a mako, daga masallaci sai ya wuce Al Warsan, rumbunan da ake jibge tsofaffin kaya. Mu ci abinci mu biyu, in rufe nasa.

Daga baya ya samo guda biyu, sai zaɓe ya gagara. Ɗaya mai aiki da mai ne, amma yana ɗiga. Ɗayan roba ce a cikinsa, ya ce ba a ƙera irinta yanzu, kuma zafi na narkar da ita. Saboda haka a ɗakin kwananmu yake zama, a kan drowa, naɗe cikin tsohon zanina. Ko muna falo ba a kashe na'urar sanyaya ɗakin. Na taɓa kashewa, ban sake ba.

Yarinyar takan tsaya a kansa yana goge-goge.

"Abba, yau ne?"

"Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, Mamana. Wa ke hawa keke a wannan zafin? Bari sanyi ya shigo."

Gaskiyarsa ce, da bazara ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa a garin nan. Amma da sanyin ya shigo, lokacin ne masu tsofaffin kekuna ke haɗuwa a bayan gari suna nuna wa juna kaya, shi ma can ya nufa da cokulansa a bayan mota don jin shawara. Sai cutar nan ta zo aka kulle kowa a gida. Na ce a raina, to yanzu kam ga lokaci. Ya shimfiɗa jarida a falo ya kwance cokalin mai gaba ɗaya.

A gidanmu an koya mana cewa mace takan faɗa wa miji abu, ta tuna masa sau ɗaya, daga nan ta bar wa Allah. An kuma koya mana ba a taɓa kayan aikin namiji. Na faɗa, na tuna masa, na koma ina kai ƙara a sujada. Kullum ina shanya a baranda, ina ganin jan keken yana komawa fari-fari, ina kau da kai.

Bayan an buɗe makarantu, wata rana yarinyar ta dawo ta ajiye jaka ta shige ɗaki. A wurin wata maƙwabciya na ji cewa za a yi ranar keke a makarantarsu, kowane yaro ya zo da nasa. Ranar da na ji labarin na buɗe akwatin kayan aikinsa. Na yi bisimilla na ɗauki sifana kamar mai sata.

Kafin ruwan shayin da na ɗora ya tafasa na cire tayoyin biyu. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Ashe iyakar aikin ke nan.

Sai dai rana ta riga mu. Manyan tayoyin sun tsattsage, sirdin na taɓa shi ya ɓarɓashe a hannuna. Duk da haka na ce ta hau. Ta hau, gwiwoyinta suka daki kan keken. Ta sauka a hankali ta jingina shi da bango.

Muna tsaye a nan ya shigo, fuskarsa fal murna.

"Khalas, shi ke nan, uwargida, na yanke shawara. Mai robar zan sa. Ko ya kika gani?"

"Duk wanda ka sa daidai ne, Yallaɓai."

Sai ya ga sifanar a hannuna, ya ga keken.

"Ai wannan dama abin wasa ne. Mamana, zan sayo miki na gaske, inshallah. Bari in gama da wannan."

Ya miƙo hannu na ba shi sifanar. Ya duba bakinta ko na lalata, ya shige ɗaki.

Na shiga kicin na sauke shayi, ina shirya maganar da zan faɗa masa karo na uku, ko da kuwa tarbiyya ta hana. Ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, hijabin makaranta har yanzu a jikinta.

"Umma, kar ki sake yi masa magana. Na riga na gaya wa 'yan ajinmu na iya tun da daɗewa, gajiya na yi na daina."