Haƙorin Makka na Inna

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ni ma na shiga sahun masu manna fasta a Tarauni. Da ɗan takararmu ya ci, aka saka mini da kujerar Makka, na ba mahaifiyata. Har nan ban yi laifi ba. Laifina haƙori ne.

Inna ba ta so. Haƙoranta farare tas, asuwaki kaɗai suka sani. Ni na kafe, wai in ta dawo Gyadi-Gyadi ba zinare a baki, wa zai san ta je? Ta ce, "Wanda na je dominSa ai Ya sani." Na zuga matan da za su tafi tare, suka yi mata taron dangi a can. Aka kankare lafiyayyen haƙorin gaba aka sa masa zinare, don kawai ɗanta ya yi tinƙaho a majalisa.

Shekara shida ana "Hajiya, a yi mana murmushi mana", ashe ruɓa na ci ta ƙarƙashi. Da kumburi ya zo ya tafi da haƙorin, ya haɗa da biyu na kusa da shi. Na roba da aka yi mata kuwa, tana fara magana sai ya zame, ta gaji ta ajiye.

Sai na ji ana dasa haƙori: a kafa ɗan ƙarfe cikin ƙashi, a ɗora sabo a kai, ba cirewa. Na kai ta ina rawar jiki. Likitar, wata 'yar Jos, ta daɗe tana duba hoton ƙashin. Ta ce ya zaizaye, ga kuma ciwon suga, dashen ba zai kama ba. Sannan ta tambayi wanda ya sa aka taɓa haƙorin tun farko. Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Ni ce, 'yata. Son kwalliya ne." Wallahi gara a ce zagina ta yi.

Inna mace ce mai ƙyaƙyata dariya har maƙwabta su ji. Daga nan, in abin dariya ya zo sai ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta kawai ke motsi. Shekara tara ta yi a haka. Ranar zaman makokinta na ji 'yata tana ba ƙawayenta labari, wai kakarta mai kunya ce ƙwarai, ita dai ba ta taɓa jin dariyarta ba.